Motar da Aka Saya a Gidan Surukai

Ku yaran yanzu kun iya sayen mota, Allah ya ƙara basira. Mutum ya zagaya ta, ya harbi taya da ƙafa, ya kunna rediyo ya ji tana waƙa, shi ke nan sai ya ce a kawo makulli. Wai ya duba mota ke nan. Ni da na tsufa a kan sitiyari har yau ban gane abin da taya ke gaya wa ƙafarku ba. In kuna da hali ku gyara zama, in faɗa muku yadda ake zaɓen mota ta hannu, da yadda aka taɓa kai ni zaɓen wata aka hana ni ko sunkuyawa.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne riƙon weji, wato guntun katakon da ake cusa wa taya don kada mota ta gangara. Turawa na nan ba su tafi ba a lokacin. Karen mota nake a bayan wata babbar mota mai bodin katako, muna kwasar gyaɗa daga Dutsin-Ma. Maigidana Oga Tanko ne, mutum mai ƙarancin magana da saurin hannu. Duk hawan da muka zo, in diro da gudu ina bin mota da weji a kafaɗa. Da safe ni ke juya handil har injin ya kama, in ya yi gardama ya mayar mini da ƙarfen a hannu in yini ina yarfe yatsu. Ni ke ɗebo ruwa a garwa, ni ke facin tif ɗin taya a tsakiyar rana. Na daɗe ina wannan kafin a bar ni in taɓa sitiyari, ranar da aka bar ni kuwa mota a kashe take.

Wurin Oga Tanko na koyi duba mota. Ba a gaya wa mai ita ranar da za a zo. Da sassafe ake dira, kafin kowa ya tashe ta. Ka fara ɗora bayan hannunka a kan bonet, in ka ji ɗumi ka san an riga ka, an tashe ta don kada ka ga wahalar tashinta. Sai ka dubi ƙasar da ta kwana a kai, don duk abin da take zubarwa yana nan a rubuce cikin ƙura. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka murza a yatsa. In baƙi ne, da sauƙi. In ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, ka yi sallama ka tafi. Ka buɗe murfin lagireto, wato tankin ruwan injin, ka shinshina. Sannan ka shimfiɗa 'yar tabarma ka kwanta a ƙarƙashinta, ka bi sifirin ɗaya bayan ɗaya, ka nemi inda aka yi walda aka shafe da laka. In an tashe ta, ka ɗora sanda a jikin injin ka kara ɗaya bakin a kunnenka. Bayan duk wannan ka hau da ita gargada, ka shiga yashi, ka nemi hawa da rana tsaka. Fenti shi ne abu na ƙarshe da ake kallo, ku kuwa da shi kuke farawa, da shi kuke gamawa.

Abin da ya sa muke wannan wahala ba son mai mota ba ne. Direba ba shi da gona, ba shi da shago, sunansa kawai yake ci. Masu mota a ƙasarmu a wancan zamani zaure ɗaya zai ɗauke su, kuma duk sun san juna. In aka ce wane yana kashe mota, to ya gama tuƙi daga Dutsin-Ma har Katsina, sai dai ya koma dako. Ni kuwa a lokacin sunana fes yake. Na yi lasin, na tuƙa babbar mota damina da rani, ba a taɓa jawo ni da igiya ba.

Wannan suna ne ya sa Alhaji Lawal mai sayen gyaɗa ya aiko a kira ni, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Ya ce motar gida yake so, ƙarama, wadda za ta kai iyali suna da gaisuwa da asibiti, kuma ni zan zaɓa, ni zan tuƙa. Lokacin Turawa na ta haɗa kaya suna sayar da motocinsu. Na je Katsina na samo wata ta wani baturen dabbobi. Mummuna ce, ba na ɓoye muku. Fentinta ya koɗe, cikinta warin kare da maganin shanu, amma doguwar ƙafa gare ta, cikinta nesa da ƙasa, injin kuwa ka kara sanda ka ji yana tafiya sumul. Na kwanta ƙarƙashinta na tashi ban ga ɗigo ko ɗaya ba. Na dawo na gaya wa Alhaji, ya ce to, ranar kasuwa in ta wuce za mu je.

Kafin kasuwa ta wuce sai ga saƙo daga Kurfi. Mahaifin matar Alhaji, wani attajirin dattijo da kowa ke ce wa Baba na Kurfi, ya ji labari surukinsa na neman mota. Ya aiko cewa me zai kai yaro waje, ga mota a gida?

Na ga fuskar Alhaji lokacin da ɗan saƙon ke magana, na san motar bature ta tafi. Duk da haka na naɗe 'yar tabarmata da sandata muka hau motar kasuwa. Na ce masa mu yi sammako ba tare da sanarwa ba. Ya dube ni kamar na ce mu je sata. Gidan surukai, a faɗa musu ba sallama? Sai da aka aika, aka sa rana, aka sa lokaci, bayan azahar.

Muka tarar da ita a ƙofar gida, baƙa, doguwa, tana sheƙi, har da labule a gilashin baya. Cikinta kuwa kusan yana shafar ƙasa. An wanke ta, an tashe ta tana ta gurnani tun kafin mu iso. Ƙasar wurin an share ta an yayyafa ruwa, ko sawun kaza babu. Ban taɓa ganin tsafta mai ban tsoro irin wannan ba.

Alhaji ya tuɓe takalmi tun daga nesa. Mutumin da in ya yi tsawa a rumfar awo 'yan dako ke rawar jiki, ga shi durƙushe a bakin zaure, kai a ƙasa, murya kamar ta mai jinya. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Baba na Kurfi na kishingiɗe a kan buzu, ya nuna motar da carbi.

“Ga ta nan. Ni na tsufa, ba ni zuwa ko'ina. Da in ba bare, gara ta zauna cikin gida.”

“Allah ya ƙara girma, Baba,” in ji Alhaji.

Ni kuma na zagaya gefe na warware tabarmata. Gwiwata ɗaya ta kai ƙasa ke nan sai na ji an damƙi wuyan rigata. Ban san lokacin da Alhaji ya taso ba.

“Mi kake yi haka, Iro?” Ya faɗa a kunnena.

“Alhaji, ƙarƙashi zan leƙa.”

“A ƙofar gidan ga? Gaban Baba? So kake a ce na zo da mai bincike, ina tuhumar shi da algus? Naɗe abin ga kafin ya gani.”

“To ko murfin lagireto in buɗe.”

“Ko madubi kada ka taɓa.”

Na naɗe tabarma. Baba ya ɗaga murya daga zaure ya ce, “Direba na son ya duba ne? A bar shi ya duba mana.” Alhaji ya ce, “Haba Baba, wane mu! Kayanka ai ba abin dubawa ba ne.” Ciniki ma ba a yi ba. Baba ya ce a ba da abin da ya sauƙaƙa, kun kuwa san abin da wannan ke nufi a bakin suruki: sai ka ba da abin da ba za a raina ka ba. Aka shafa fatiha, aka miƙo mini makulli. Iyakar zaɓen da na yi ke nan.

Ranar da muka shiga Dutsin-Ma da ita gari ya fito. Ana ta Allah ya sa alheri, Allah ya tsare. Washegari kuma gari ya fara hawa. Ku da kuke ganin mai mota shi ke da motarsa, ku tambayi wanda ya fara ajiye ta a unguwa. Mai naƙuda tamu ce, mai zuwa ta'aziyya namu ne. Wani kawun Alhaji daga Kutawa ya sa na ɗauko ragon suna a kujerar baya don wai but, wurin sa kaya, zai shaƙe shi. Wani dattijon Bafulatani abokin cinikinsa ya ce lallai sai an kai shi Barkiya ya ji yadda abin yake, ta hanyar da ko jaki sai ya yi tunani. A hanyar nan na bar salansa, na dawo na ɗaure ta da waya.

Duk wannan mai sauƙi ne, aikin direba ne. Ciwon motar shi ne zafi. In muka yi 'yar tafiya sai allurar ma'aunin zafi ta haye, tururi ya fara fita ta gefen bonet. Garwar ruwa ta zama fasinja ta dindindin, ita ke zama a gaba wani lokaci, mutum ya matsa. Na san kowace rijiya da kowane tafki a hanyar Kurfi, matan da ke ɗiban ruwa har sun daina tambayata, da sun hango baƙar mota sai su miƙo guga.

Wata safiya na ce yau sai na ga abin da aka hana ni gani. Na kwance lagireto na juye shi. Abin da ya fito kore ne, mai yauƙi, har da ƙamshi. Garin kuka ne. Tsohuwar dabara ce, in ruwa na yoyo sai a zuba, ya kumbura ya toshe ramin na ɗan lokaci. Wanda aka ɗura wa motar nan ya isa miyar gidan biki. Na ɗaga kan injin, ga tsaga nan siririya, tsohuwa, bakinta har ya yi tsatsa. Na kira Alhaji na nuna masa da yatsa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Aikin tsohon direban Baba ne. Baba bai sani ba.”

“To Alhaji, a gaya mashi mana. Ko a saida ta a sayi wata.”

“In saida motar Baba? Ya ji a bakin wa? Maida abin ga ka rufe. Ba ka ga komi ba.”

Na mayar na rufe. Daga ranar ni ma na shiga sayen garin kuka, har mai sayarwa ta tambaye ni ko na ƙara aure.

Zuwa Kurfi gaisuwa kuwa wani aiki ne na musamman. Akwai wata tsamiya kafin a shiga gari. Nan muke tsayawa a buɗe bonet, ta huce, in ɗura ruwa, in goge ƙura da tsumma, Alhaji ya gyara zaman hula. Sai mu shiga a hankali, labule a sake, kamar daga kanti aka fito da mu. Baba ya ce, “Ya motar?” Alhaji ya ce, “Sai godiya, Baba. Kamar sabuwa.”

Amma hanya ba ta rufa asiri. Masu jakuna sun gan mu a tsaye, 'yan kasuwa sun taya mu turi. Magana ta kai Kurfi. Wata rana ina tsugune a bakin zaure na ji Baba na cewa, “An ce motar ga na ba ku wahala. A hannuna kau lafiya lau take. Halan direban ne ba ya da hannu.”

Na jira in ji abin da Alhaji zai ce.

“Haka ne, Baba. Yaro ne, babbar mota ya saba.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Motar ba za ta yi laifi ba, don ta Baba ce. Baba ba zai yi laifi ba, don Baba ne. Alhaji shi ya biya. To saura wa? Kafin wata ya ƙare, in na shiga tasha sai direbobi su fara tari. Wani ya ce, “Iro, yau garwa nawa ta sha?” Na yi niyyar ajiye aikin, sai na ga in na tafi a lokacin na tafi da sunan. Na zauna ina jiran ranar da gaskiya za ta fito da kanta.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda bazara ta yi tsawo, ruwa ya ƙi sauka, rijiyoyin hanya suka koma laka. Wata rana da hantsi aka aiko daga Kurfi cewa jikin Baba ya tsananta, numfashi na yi masa wuya, a zo da mota a kai shi asibitin Katsina.

Na ce, “Alhaji, don Allah a nemi babbar mota. Wagga ba ta kai Katsina cikin ranar ga.”

“In ɗora Baba bayan motar kaya, ga motar shi? Mi za a ce da ni?”

“To a bari rana ta yi sanyi.”

“Mutum na fama da rai kana maganar sanyin rana? Tashe ta.”

Na cika garwa, na cusa ƙullin kuka a aljihu. Muka isa Kurfi da kyar, na ɗura mata ruwa a ƙofar gida, yau babu zancen tsamiya. Aka kwantar da Baba a baya da matashi. Alhaji ya zauna gaba a takure, don ko a mota ba ya iya jingina a gaban surukinsa. Rana na tsakiyar ka muka kama hanya.

Bayan an bar Kurfi akwai wani dogon hawa, ba mai tsanani ba, babbar mota ko giya ba ta canzawa. Muna tsakiyarsa allura ta buga ƙarshe. Na ji ƙara kamar an fasa tulu, tururi ya rufe gilashi. Na gangara gefe na kashe. Da ta ɗan lafa na zuba ruwa ta sama, na ji shi yana zuba ta ƙasa a kan takalmina. Tsagar ta buɗe gaba ɗaya. Babu inuwa, babu gida kusa, sai ƙaya da jan ƙasa.

Ina tsaye da garwa a hannu sai na ji murya daga baya, a hankali, ana jan numfashi tsakanin kalmomi.

“Direba. Hawan ga ne ko?”

“Shi ne, ranka ya daɗe.”

“Nan take tsayawa. Ba ta son shi da rana. Ba ka taho da garin kuka ba?”

Na dubi Alhaji. Alhaji ya dubi ƙafafunsa.

“Na taho da shi, ranka ya daɗe. Yau ta wuce kuka.”

Baba ya yi 'yar dariya, ta koma tari. Da tarin ya sake shi ya ce, “Ni na zaci za ku duba kafin ku ɗauka. Har na ce a bar ka ka duba. Da na ga ba ku duba ba, na ce lallai ɗiyata ta samu miji mai kunya.”

“Allah ya ƙara lafiya, Baba,” in ji Alhaji. Abin da ya samu ya faɗa ke nan.

Na cire rigata na rataya a taga don ta tare masa rana. Ragowar ruwan garwa muka riƙa jiƙa tsumma muna shafa masa. Sai bayan la'asar wata babbar mota ta zo da lodin fatu, muka tsayar da ita. A kan fatun nan, cikin wari da ƙuda, Baba na Kurfi ya shiga Katsina. Bai yi mako a asibiti ba Allah ya karɓi abinsa.

Tun a wurin zaman makoki na fara jin maganar. Direba ne ya ƙona injin. Direba ne ya bar dattijo a rana. Mota lafiyayya, an ba wanda bai iya ba. Har aka samu wanda ya rantse ya gan ni ina gudu da ita. Gudu! Motar da in ta yi sauri akuya ke wuce ta.

Na bari aka share makoki, aka jawo motar da shanu zuwa Dutsin-Ma. Sannan na sami Alhaji a zaurensa shi kaɗai. Na durƙusa na ce, “Alhaji, ka ji abin da ake faɗi a gari. Ka kuma ji abin da marigayi ya ce da bakin shi, ba ni kaɗai na ji ba. Ba na neman komi wurinka sai magana ɗaya. In an fito masallaci ranar Juma'a, ka ce motar da ciwonta ta zo. Ba sai ka ambaci kowa ba.”

Ya ci gaba da jan carbi. Ba mugun mutum ba ne, na ga idonsa ya kawo ruwa.

“Iro, na sani. Wallahi na sani. Amma in na ce da ciwonta ta zo, kowa ya san daga inda ta zo. Yana raye ban buɗe baki ba, sai yanzu da yake kwance cikin ƙasa? Uwar ɗiyana ta ji da wane kunne?”

“To ni fa, Alhaji? Ba mai sake ba ni mota a ƙasar ga.”

“Kai kana da rai, Iro. Ka yi haƙuri.”

Na zaro makulli na ajiye a gefen tabarmarsa, na yi masa sallama. Na kai bakin ƙofa ya kira ni. Na juyo da sauri, na ɗauka ya sake shawara. Ya ce kafin in tafi in taimaka a tura motar cikin rumfa, kada rana ta ɓata mata fenti.

Na taya su turawa.